Ɗamarar kare mai ƙarfi kuma mai firgita

Ɗana, jiya bayan mun rufe rumfa ka tambaye ni dalilin da ya sa na ƙi ɗinka wa mutumin nan abin wuya mai faɗi da ya nema domin karensa, alhali da bakinsa ya ce karen yana da ƙarfin da har yakan ja maigadinsa a ƙasa, kuma a ganinka maganin ƙarfi bai wuce fata mai kauri ba. Rabin maganarsa ka riƙe. Ya kuma ce idan ɗan kabu-kabu ya gifta kusa da su, ko maƙwabci ya tayar da janareta, karen yakan dunƙule, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, ya riƙa turjewa yana ja da baya. A kan wannan rabin na biyu na yanke shawara.

Karen da ke fizga gaba, abin wuya yana danne masa maƙogwaro, ka ji yana tari kamar wanda ƙashi ya maƙale wa, tsoronsa kuma ya ƙaru. Wanda yake ja da baya kuwa, yakan sunkuyar da kai, ya kwantar da kunnuwa, abin wuyan ya zame ya bar mai shi riƙe da igiya a tsakiyar titi. Saboda haka ɗamarar ƙirji za mu ɗinka masa, kuma ba irin ta maɗauri biyu da ake sayarwa a kasuwa ba, domin ita ma kare yana tuɓe ta kamar riga idan ya miƙe ƙafafun gaba ya janye jikinsa.

Tamu maɗauri uku za ta samu. Na farko ya sauko daga gefen wuya biyu, ya haɗu a kan ƙashin ƙirji kamar baki biyu na gwafa, sannan ya bi ta tsakanin ƙafafun gaba. Kada ka kuskura ka shimfiɗa shi a gicciye bisa kafaɗu, domin kafaɗar kare tsoka ce ke riƙe da ita a jikinsa, ba ta da ƙashin wuya da ya tokare ta irin na mutum, kuma duk abin da ya danne ta zai taƙaita masa taku. Na biyu ya zagaye ƙirji, kamar yatsu uku bayan gwiwar ƙafar gaba, don kada ya goge masa hammata ta yi gyambo. Na uku shi ne gaba ɗayan aikin. Kare yana da haƙarƙari 13 a kowane gefe, kuma daga inda suka ƙare jikinsa yake tsukewa. A daidai haƙarƙari na ƙarshe za ka ɗaura shi, ba a kan taushin ciki ba. Tun da zagayen wurin bai kai na ƙirji ba, ko ya yi ta turjiya har la'asar ƙirjin ba zai wuce ta cikinsa ba. Kowane maɗauri ya karɓi yatsu biyu a ƙarƙashinsa, ba ƙari.

Ƙawanya biyu za ka sa, ɗaya a gadon baya, ɗaya a ƙirji. Idan igiya tana baya kaɗai, karen yana samun abin jinginawa ya ja da dukan nauyinsa kamar sa a garma, amma ta ƙirji tana karkato shi ya fuskanci mai riƙonsa. Ka zaɓi wadda aka yi wa walda. Ina sabon shiga na taɓa sa wa wani mafarauci mai buɗaɗɗen baki saboda arha, ta wage a fizga ɗaya, ya dawo ya ajiye mini ita a kan tabarma bai ce uffan ba.

Fatar jar akuyar Sakkwato da duniya ta sani da sunan fatar Maroko, ina alfahari da ita, sai dai ta jaka ce da matashi, ba ta ɗaukar fizga. Ƙirgi za ka yanka, wanda ya sha bagaruwa ya jemu sosai, ita kuma ta akuyar ka yi shafi da ita daga ciki saboda laushinta. Ka bar jikin karen a buɗe gwargwadon iko, domin a watan Afrilu zafin garin nan yana haura digiri 40, kare kuma da lallage harshe yake rage zafi, ba da gumi ba.

Awo kuwa mai shi ne zai riƙe tef, kai kana gefe kana rubutawa, bayan ka tambaye shi ko an yi wa karen rigakafin ciwon hauka. In ba a yi ba, ka tura shi asibitin dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo tukuna. Ka sa maɓallin ƙarfe a gefen wuya yadda ba sai an zura masa ta kai ba, domin hannun da ya nufo kansa daga sama yana razana shi. Gobe ka zo da wuri da basilla da zare mai kaki, mu fara da maɗauri na uku.