Tantin tafiyar daji: abokinmu ya tashi yana amai, wurin ne ko tantin?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Mu biyar ne, ɗalibai a jami'ar nan ta Damagaram, muna karatun duwatsu. Da hunturu mukan fita aikin fili wajen Gure ko Tanut, mota ta sauke mu, sauran tafiya a ƙafa, kaya a baya, kwana uku ko huɗu. Bara tanti muka ara. A dare na biyu sanyi ya matsa, da muka gama shayi sai muka shigar da murhun ciki. Gawayin ya riga ya yi ja, babu hayaƙi ko kaɗan. Da asuba mutum uku suka tashi da ciwon kai, ɗaya yana ta amai, ƙafafunsa sun ƙi ɗaukarsa. Ni da wani da muka kwana bakin ƙofa, inda zif ya lalace, ba abin da ya same mu. Mutanen ƙauyen da ke kusa suka ce gindin tsamiya muka sauka, wurin kuma yana da masu shi. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. Bana mun haɗa kuɗi za mu sayi namu. Wani mai kaya a kasuwa ya ce mu ɗauki babba guda mai kauri wanda iska ba ta ratsa shi, don ya fi riƙe ɗumi. Wane iri ya dace da mu, wanda ba zai karya mana baya ba? Kuma abin da ya samu abokinmu, daga wurin ne ko daga tantin?

Amsa

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ku biyar ɗin nan ku nemi abin sadaka ku bayar, don kun tsallake rijiya da baya. Lalataccen zif ɗin da na san kun kwana kuna tsine masa saboda sanyin da yake shigo muku da shi, shi Allah ya sa ya zama sanadin tashinku. Da ƙofar ta rufu ruf, da wataƙila ba kai ke rubuto mini wannan wasiƙa ba. Tsamiya kuwa a bar ta ta huta, ba ta ci muku ba ta sha muku ba. Murhunku ne.

Maganar nan ta "gawayi ya yi ja, ba hayaƙi, ba komai" na gaji da jin ta. Direbobi suna faɗa, masu gadi suna faɗa, 'yan fada suna faɗa, har wanda ya yi digiri ya zo ya faɗa mini ita yana murmushi. Hayaƙin da kake gani yana sa ka tari da hawaye, shi ne ma mai mutunci, domin yana korarka waje. Wanda ke kisa ba a ganinsa, ba shi da wari, ba ya sa tari. Ku da kuka yi kimiyya kun san shi da CO, wato iskar carbon monoxide. Garwashin da ya yi ja, toka ta fara rufe shi, yana ci a hankali cikin ƙarancin iska, to a lokacin ne yake zuba wannan guba sosai. Wato daidai sa'ar da kuka ce ya zama lafiya kuka ɗauko shi, a sa'ar ce ya fi haɗari.

Yi lissafi da kanka. Ɗakin da ke da mita 3 faɗi, 4 tsawo, 3 tsayi, yana ɗauke da iska mita kubik 36, kuma duk da haka kaskon wuta kan halaka mutane a irin wannan ɗaki in an toshe taga. Tantin mutum uku iskar cikinsa ba ta wuce mita kubik 3. Jini kuma yana kama CO fiye da yadda yake kama oksijin sau 200 da wani abu. Mai barci ba ya farkawa don ya ji numfashinsa ya ƙuntata, barcin ne kawai ke ƙara nauyi. Wanda ya farka kuwa sau da yawa hankalinsa na nan amma ƙafa ba ta amsawa, kamar yadda ya faru da abokinku. Kwanciya a ƙasa-ƙasa ba ta tsirar da kowa, don nauyin wannan guba kusan ɗaya yake da na iska, gauraya take yi ko'ina.

Shekarun baya na raka wasu masu auna rijiyoyi arewa da Tanut. Na fito alwalar asuba, na ga tantin samari biyu shiru, an ja zif har ƙasa, an ma jera takalma a gefen rufin don toshe iska. Na kira, ba amsa. Da na buɗe, abin da na fara gani ƙananan kofunan shayi uku ne a kife bisa faranti, da buta a kan murhu, na taɓa ta da sauran ɗumi. Da ƙafa na jawo su waje ɗaya bayan ɗaya, kawunansu na jan rairayi. Dukansu sun rayu. Amma ɗayan ya yi makonni yana manta inda ya ajiye abu, ana yi masa magana yana kallon mutum kamar baƙo. Tun daga ranar, duk ayarin da nake ciki ni ke kashe wuta da hannuna kafin a kwanta, kowa ya ji haushi ya ji.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne abin da ke biyo baya. Mutum ya shaƙi guba, maimakon a nufi likita sai a zauna ana shawara. Wannan ya ce iska ce, a kawo turare, a ƙara masa hayaƙi a kan wanda ya shaƙa. Wancan ya ce masassara ce, a sayo ƙwayoyi wajen mai tallar magani a faranti. Wani ya ce a ɗura masa madara ko manja, wai suna karya dafi. Ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa abu a baki hanya ce ta aika masa da shi cikin huhu. Akwai kuma masu dabarun riga-kafi: a barbaɗa gishiri a garwashi, a jefa ɓawon lemu, a ajiye kwanon ruwa kusa. Ba ɗaya a cikinsu da ke rage komai, ƙamshi kawai suke ƙarawa. Ni ba na musun akwai aljannu, amma in mutum uku suka tashi da ciwo iri ɗaya a rufaffen wuri da aka kwana da wuta, waɗanda ke bakin iska kuma suka tashi garau, to ba sai an tashi malami daga barci ba.

In haka ta sake faruwa, Allah ya kiyaye, a fitar da kowa fili nan take, wanda ya suma a kwantar da shi a gefensa saboda amai, a nemi mota zuwa asibitin da ke da oksijin. A iskar waje jiki kan ɗauki awa 4 zuwa 5 kafin ya rage rabin gubar, da oksijin a fuska kuwa awa ɗaya da 'yan mintuna. Ku gaya wa likita ƙarara cewa da gawayi aka kwana, kada ku bar shi yana laluben zazzaɓi. Hukuncin nan ya hau kan ƙaramin murhun gas, da fitilar kananzir, da kyandir. Su ma ba su shiga tanti. Ban da guba, yadin tanti in ya kama wuta narkewa yake ya manne a fata, ku kuma kuna ciki kuna neman bakin zif a duhu.

Za ka ce ai Abzinawa da Fulani suna hura wuta kusa da makwancinsu tun kaka da kakanni. Je ka dubi nasu da kyau. Tabarmi ne da fatu da kara, gefe a ɗage, iska na shiga ta fita, wutar ma galibi a waje take. Naka kuwa yadi ne da aka shafe da roba don kada ɗigon ruwa ya ratsa. Mai kayan da ya ce ku sayi wanda iska ba ta shiga, kayansa yake son sayarwa, bai taɓa kwana a ciki ba.

To, mu zo kan saye. Kada ku sayi babba guda. Mutum biyar a ƙafa, tanti biyu ya fi muku: na mutum huɗu da na mutum uku. Adadin da ake rubutawa a jikin jaka ana lissafa shi ne bisa faɗin santimita 50 zuwa 55 ga kowane mutum, ba jaka, ba guduma, ba buhun duwatsun da kuke tarawa. Saboda haka a kullum ku rage mutum ɗaya daga abin da aka rubuta. Nauyi kuma kada ya wuce kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi a kan kowa, a raba: wannan ya ɗauki sanduna da turaku, wancan rufi, wancan ɗakin ciki. Ruwan sha shi ne ainihin kayanku, lita ɗaya kilo ɗaya, kada tanti ya cinye masa wuri.

Ku nemi mai ruɓi biyu, ɗakin ciki da rufin waje, da tagogin iska a sama waɗanda ba a rufewa ko sanyi ya kai ina. Ɗakin cikin ya zama yadi daga ƙasa zuwa rabi, raga irin ta sange daga rabi zuwa sama. Wanda duk raga ne yana da daɗi da bazara, amma da hunturu za ku wayi gari ƙura har cikin haƙora. Siffa kuwa mai kama da ƙwarya a kife, wanda ke tsayawa da kansa ko ba a kafa turke ba, don a kan dutse ko rairayi turke ba ya yi muku biyayya. Sandunan alminiyom sun fi na faiba. Na faiba araha ne, amma suna da nauyi, in suka tsage kuma sai su yaga yadin su soki hannu.

Lambar nan da ake bugawa ta jure ruwa, 1500 ko 3000 mm, kada ta ruɗe ku. An yi ta ne don ƙasashen da ruwa ke kwana yana zuba. Damagaram ruwan shekararmu duka wajen mm 400 ne, ku kuma da rani kuke fita. 1500 zuwa 2000 a rufi ya wadatar. Maƙiyan tanti a nan rana ce da ƙaya da rairayi. Foliyesta ya fi nailan jure rana, kuma ko wanne ne kada a bar shi a kafe tun safe har yamma kuna can kuna fasa dutse. Irin marasa nauyin nan ƙwarai masu yadi kamar fatar albasa, karangiya da tsidau za su mai da ƙasansu rariya a fita ɗaya. Gara ku ƙara rabin kilo ku sami ƙasa mai kauri, ku kuma yanko tamfol daidai girmansa, ya ɗan gaza kaɗan, ku riƙa shimfiɗawa a ƙarƙashi.

In na gwanjo ne, ku sa a kafa shi a gabanku. Ka shiga ciki da rana ka duba ta ina haske ke ɓullowa. Ka shafa cikin rufin: in yana danƙo, ko yana warin tsami, ko ledar da ke kan ɗinki tana ɓarewa, robar ta mutu, kuma gyaranta ba ƙaramin aiki ba ne. Ja kowane zif sau biyar. Zif shi ne ke fara mutuwa a ƙasarmu, magani kuwa tsohon buroshin haƙori ne. Kada a sa masa mai, rairayi yake tarawa.

Wajen kafawa, iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, sai a ba ta baya, ƙofa ta dubi kudu maso yamma. A rairayi mai laushi ku cika leda ko safa da ƙasa, ku ɗaura igiya, ku binne. Kada ku sauka a cikin ƙorama don rairayinta ya yi laushi, musamman in kun fita da damina. A share wuri da ƙafa mai takalmi, ba da hannu ba, saboda kunama da kububuwa, a kuma kakkaɓe takalmi da safe. Kafin duk wannan, a je a gaida mai gari, jandarmomi ma su san inda kuke. Na san takardun izini kan ci rai, ofis ya tura ka ofis, amma yankin da kuke shiga ba wurin ɓacewa ba sanarwa ba ne.

Sanyin da ya sa kuka shigar da wuta yawancinsa daga ƙasa yake tasowa. Siririyar katifar soso a ƙarƙashin kowa ta fi bargo biyu a sama. A sa hula da safa busassu, a ci abu mai zafi kafin kwanciya, a tafasa ruwa a waje a zuba a gorar ƙarfe, a naɗe ta da riga a sa wajen ƙafa. Mutum uku a ƙaramin tanti su kansu murhu ne. Ku da iyayenku suka sayar da gero da awaki don ku yi karatu, ba ku da ikon jefa kanku cikin halaka saboda sanyin dare ɗaya, sannan a zo ana cewa ƙarar kwana ce. An ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.

Shi kuma abokin naku da ya yi amai, ka tambaye shi tsakani da Allah ko tun bara yana fama da mantuwa, ko yawan ciwon kai, ko karatu ya daina zama masa. In akwai ko ɗaya, ka kama hannunsa ku je babban asibiti a makon nan, ka faɗa wa likitan labarin murhun da bakinka, don na san shi tsamiya zai ambata.