Shekara biyu da gama digirin lauya, har yau ba a tura ɗiyata makarantar lauyoyi ba

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ɗiyata ta kammala digirin shari'a shekara biyu ke nan, sunanta bai fito cikin masu tafiya makarantar horas da lauyoyi ba. Wani ya ce in kawo kuɗi zai sa a saka ta. Ƙanenta kuma ina shirin kai shi wata jami'a a maƙwabciyar ƙasa, an ce shekara uku ya gama. Hankalina a tashe yake. Me ake buƙata kafin yaro ya zama lauya?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka ba mutumin nan ko sisi. Tsangayar shari'a ta jami'ar da yarinyar ta gama ita ke aika sunaye, ba ɗan kamasho ba. Ta je ofishin shugaban tsangaya ta tambayi abu biyu: gurbi nawa aka ba jami'ar a shekara, kuma 'yan wace shekara ake turawa yanzu.

A nan iyaye ke faɗawa rami kullum, suna cewa ai digiri digiri ne. A harkar lauya ba haka ba ne. Amincewar hukumar jami'o'i ta NUC daban, ta Majalisar Kula da Ilimin Lauyoyi daban, kuma ta biyun ce mai makarantar lauyoyi. Ita ke duba malamai da ɗakin karatu da kotun gwaji, sannan ta yanka wa kowace tsangaya adadin ɗaliban da za ta ɗauka. Jami'ar da aka ba gurbi 50 ta kwashi 150 saboda kuɗin makaranta, to 50 ɗin dai za a karɓa. Sauran su zauna gida, baɗi 'yan bayansu su hau kansu, layi ya yi ta tsawo. Yaro da kwali a hannu, ba damar tsayawa gaban alƙali, kuma ba laifinsa ba ne. Abin takaici, ranar ɗaukar ɗalibai babu mai gaya wa uba wannan, sai tallar gini da kwandishan. Wanda kuma aka kama da takardar bogi ya rufe wa kansa ƙofa, domin sharaɗin rantsar da mutum a matsayin lauya ne a tabbatar mutum mai gaskiya ne da kyawun hali.

Batun ƙanen nata, dakata tukuna. Nijar da Benin da Togo tsarin dokar Faransa suke bi, Najeriya kuwa na Ingila ta gada. Dole digirin ya ƙunshi darussa irin su dokar kwangila, dokar laifuka, tsarin mulki, dokar filaye, hujjoji da dokar kasuwanci bisa tsarin da muke bi. Ko wanda ya yi karatu a Ingila sai ya yi zangon share fage na dokokin Najeriya kafin ya haɗu da 'yan gida a makarantar lauyoyi. Ka nemi matsayin jami'ar a rubuce daga Majalisar kafin ka biya komai.

Idan ɗiyarka ta samu shiga makarantar lauyoyi, a Bwari ne ko Bagauda ko Yola ko wani reshe, karatun kusan shekara guda ne, darussa biyar: shari'ar laifuka, shari'ar hakkoki tsakanin mutane, harkar kamfanoni, harkar kadarori, da ladubban aikin lauya. Ana ɗaukar halartar aji da zanen yatsa, wanda bai kai kashi 75 cikin 100 ba ba ya zama jarrabawa. Za a tura ta kotu da ofishin lauya ta koyi aiki, tana rubuta abin da ta gani kullum a littafi, ta dawo ta kare shi gaban kwamiti. Masu kwafar littafin abokai a nan asirinsu ke tonuwa, tambaya ɗaya kan ƙarar da suka ce sun saurara ta isa. Akwai liyafar cin abinci sau uku ta majalisar manyan lauyoyi da alƙalai, Body of Benchers, kuma wajibi ce, ba shagali ba. Bayan cin jarrabawar ƙarshe, mutum biyu daga wannan majalisa su sa mata hannu, a rantsar da ita, sannan a rubuta sunanta a kundin lauyoyi na Kotun Ƙoli. Kafin wannan rana, doka ta hana ta tsaya wa kowa a kotu da sunan lauya.