Tambaya da Amsa: An yi wa ƙanwata tayin hayar mahaifa a ƙasar waje

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki ba ni shawara. Ƙanwata mijinta ya rasu shekara biyu kenan ya bar ta da yara uku, sai ga wata hajiya ta zo mata da magana wai akwai mata da miji a Turai da ba su taɓa haihuwa ba, za a dasa mata ƙwansu ta ɗauki cikin, a kai ta ƙasar Jojiya ta haihu a can a biya ta da dala. Hajiyar ta ce doka ta yarda babu wata matsala. Ni dai hankalina bai kwanta ba, ita kuma ta fara saurara saboda halin da take ciki. Da gaske doka ta yarda?
Wata 'yar uwa daga Kaduna

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya jiƙan mijinta ya raya abin da ya bari. Gaskiya hajiyar ta faɗa, amma rabi. Jojiya ta halatta hayar mahaifa ga mata da miji, haka ma Yukren da wasu jihohin Amurka irin su Kalifoniya. Abin da ba ta faɗa ba shine babu wata doka guda da ta haɗa ƙasashen duniya a kan wannan harka, kowace ƙasa da tata, kuma ƙasa uku ce a maganar nan taku: Najeriya, Jojiya, da ƙasar masu ƙwan. In dokokin suka ci karo, mai cikin da jaririn su ne a tsakiya.

Kinga a Jojiya sunan masu ƙwan ake rubutawa a takardar haihuwa, wadda ta sha naƙuda ba ta da haƙƙin komai a kan yaron. A Ingila kuwa wadda ta haifa ita ce uwa a idon doka har sai kotu ta mayar da iyayentaka ga masu ƙwan, kuma can kuɗin ɗawainiya kawai aka amince a ba mai cikin. Faransa da Jamus sun hana gaba ɗaya. Italiya ma a 2024 ta mayar da shi laifi ko da ɗan ƙasarta a waje ya je ya yi, da ɗauri har shekara 2. Toh ki tambayi hajiyar mutanen nan 'yan wace ƙasa ce, ki ji ko za ta ba ki amsa.

Kuma ba tsoratarwa nake ba wallahi, abubuwan sun faru. A 2008 an haifi wata jaririya Manji a Indiya, ma'auratan 'yan Japan ne suka rabu kafin a haife ta, yarinya ta yi watanni ba ta da fasfon kowace ƙasa sai da magana ta je kotun ƙoli. A ƙarshen 2013 a Tailan wata ta haifa wa wasu 'yan Ostareliya tagwaye, suka tafi da macen, namijin mai suna Gammy da aka haifa da lalurar galahanga (Down syndrome) ya zauna a hannun matar da ta haife shi. Bayan wannan ne Tailan ta rufe ƙofa ga baƙi a 2015, Indiya ma ta rufe a shekarar, sannan a 2021 ta yi dokar hana na kuɗi kwata-kwata, Rasha ta hana baƙi a 2022, shi ya sa dillalan kullum suna neman sabuwar ƙasa da sabbin mata masu buƙata. A ita Jojiyar, farkon 2025 an ceto wasu mata uku 'yan Tailan da suka ce da alƙawarin hayar mahaifa aka kai su, aka karɓe musu fasfo.

Ni abin da ya fi tsaya min a rai, in cikin ya zube fa, ko aka yi mata tiyata ta samu matsala bayan ta dawo, ko masu ƙwan suka ce sun fasa, wa za ta kai ƙara, a wace kotu, da wane yare? Nan gida har yanzu babu dokar tarayya da aka yi takanas kan hayar mahaifa, sai dai dokar haƙƙin yara ta 2003 da ta hana saye da sayar da yaro, da dokar hana safarar mutane.

Ɓangaren addini kuma, in ƙanwar taki musulma ce, majalisar fiƙihu ta ƙasashen musulmi a zamanta na Amman a 1986 ta haramta dasa ƙwan ma'aurata a mahaifar wata mace, majalisar fiƙihu ta Makka ma ta janye izinin da ta fara bayarwa na a dasa wa kishiya, saboda gudun cakuɗuwar nasaba. Iran ce ta bambanta, can malamansu na Shi'a sun ba da dama.

Shawarata kar ta je. Kar ta ba kowa fasfonta, kar ta sa hannu a takardar da lauyanta bai karanta mata ba, kar ta karɓi ko sisi da sunan kafin alƙalami dan da shi ake ɗaure mutum. In hajiyar ta matsa ku kai maganar ofishin hukumar yaƙi da safarar mutane, wato NAPTIP, mafi kusa da ku su bincike ta. Ke kuma dan Allah kar ki yi mata faɗa, babu ce ta sa ta saurara, ki tara 'yan uwanku da dangin marigayin a zauna kan abincin yaran nan uku da kuɗin makarantarsu tun kafin hajiyar ta sake dawowa.