Babana, bar ta ta je gida ta yi barci

Babana,

Assalamu alaikum. Saƙonka ya iso, na kuma gode da zumunci. Yaya aiki, yaya mai juna biyu? Allah ya raba lafiya.

Ka ce surukarka ta aiko tana so matarka ta koma gida Zariya kafin watan haihuwa ya kama, ta zauna har ta yi arba'in, tunda haihuwar fari ce. Kai kuma hankalinka bai kwanta ba. Ka ji likitoci na cewa wankan jego da kunun kanwa suna da illa, ga ku a Abuja asibiti kusa, ga gas ga injin wanki, kai ma ka ce za ka kama mata. Shi ne kake tambaya ko akwai sauran amfani a wannan al'ada, ko tsofaffi ne kawai ba sa son a taɓa abin da suka saba.

Abin da ka ji game da wanka da kanwa gaskiya ne, ba zan kare su ba. Na tsufa a ɗakin haihuwa ina aikin jinya, na ga abin da idona. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka lura mata masu jego na yawan zuwa musu da kumburin jiki da haki, zuciya ta gaza. Da suka bi diddigi sai suka danganta abin da tafasasshen ruwan da ake fyaɗa wa mace safe da yamma, da kwanciya kan gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, da kanwar da ake zabgawa a kunu. Kanwa danginsu ɗaya da gishiri, tana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki, alhali ba ta gama hutawa daga ɗawainiyar ciki ba. Wannan kam a rage, a daina ma.

Sai dai ku 'yan boko kun tsaya kallon tukunyar ruwan zafi, kun manta da tsohuwar da ke tsaye a kanta. Babban abin da mai jego ke samu a gidan iyayenta barci ne. Ba wanda ya taɓa faɗa da baki cewa don barci ake yi, amma duba yadda aka tsara ɗakin ka gani.

Mai jego na kan gado, tsohuwa na ƙasa kan tabarma, jariri a gefenta. Da ya motsa, tun kafin ya buɗe murya, tsohuwa ta ɗauke shi. Ta duba ko ya ɓata, ta canza masa, ta taɓa ƙafar uwar ta ce tashi ki ba shi. Yarinya ta jingina ido a rufe, ya sha, tsohuwa ta karɓe shi ta saɓa a kafaɗa tana bubbuga bayansa har ya yi gyatsa. Kafin nan uwar ta koma barcinta. Idan rigima ya tashi da ita, tsakar gida za a fita da shi ana jijjigawa, ba a kunnen uwar ba. Da rana ba ta girki, ba ta wanki, ba ta shara. Har kunyar ɗan fari da kuke yi wa dariya, wai uwa ba ta ɗaukar ɗanta gaban mutane, ta taimaka ta wannan fuska, don hannun kaka yake wuni.

Jariri sabon haihuwa yana barcin awa 14 zuwa 17 a kwana guda, amma gutsi-gutsi, bai san dare ba bai san rana ba. Cikinsa ƙarami ne, yana neman nono sau 8 zuwa 12 tsakanin dare da rana, wato kusan duk bayan awa 2 ko 3. Babba kuwa jikinsa na bukatar awa 7 zuwa sama, kuma ba tara awannin kaɗai ne ba. Barci yana da hawa-hawa, yakan ɗauki kamar minti 90 kafin mutum ya zagaya daga mara nauyi zuwa mai nauyi zuwa na mafarki, sannan ya sake sabon zagaye. Wanda ake tasa kowane lokaci ya yi awa guda yana jijjiga yaro, kamar shinkafa ce da ake ta sauke tukunyarta daga wuta: ta daɗe a murhu amma ba ta nuna ba. Shi ya sa za ka ji mace ta ce ai na kwanta, amma ta tashi jiki duk a mace.

Illar ba ta tsaya ga kasala ba. A shekarar 1999 masu bincike a Jami'ar Chicago ta Amurka sun sa samari 11 masu ƙoshin lafiya kwanciyar awa 4 kacal na dare 6 a jere. Da aka auna su, saurin da jikinsu ke kwashe suga daga jini ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Samari ke nan, ba waɗanda suka zubar da jini a gadon haihuwa ba. A wani binciken kuma, can Amurkan, an ɗiga wa mutane ƙwayar cutar mura a hanci aka zuba musu ido, waɗanda ba sa kai awa 6 suna barci suka ninka masu wuce awa 7 kamuwa har sau 4. Ga kuma jini: idan mutum na barci da dare jininsa kan sauka kaɗan, zuciya ta sarara. Wadda ba ta samun wannan saukar, alhali kwanakin farko bayan haihuwa lokaci ne da jini kan hau har ya kai ga jijjiga, ka ga an haɗa mata biyu. Ko zafin ciwo ya fi tsanani ga wanda bai yi barci ba. Mai ɗinki, ko wadda aka yi wa aiki aka ciro ɗa, ita za ta ba ka labari.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙwaƙwalwa, don nan ne mutanenmu ba sa ganewa sai abu ya yi nisa.

Yawancin masu jego, wajen kwana na uku zuwa na biyar, sukan ji ƙunci haka kawai, kuka ba dalili, abu kaɗan ya ɓata musu rai. Wannan yakan wuce da kansa kafin mako biyu, musamman in an samu hutu da mai lallashi. Akwai kuma wanda ba ya wucewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna samun matsalar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa, a ƙasashe irin namu ma ya kusa kai kashi 20. Mace ɗaya cikin biyar ke nan. Ƙirga matan gidanmu ka gani. Rashin barci yana jawo damuwar, damuwar kuma tana hana barcin, haka za su yi ta cin juna. Mace ta daina jin daɗin komai, ta ga kamar ba ta iya uwa ba, ta ji haushin ɗan da ta haifa sannan ta ji kunyar faɗa. Miji kuma ya ce ta canza hali, dangin miji su ce ta samu wuri.

Na ƙarshen shi ne wanda ba na fatan ka gani. Cikin haihuwa 1,000 akan samu mace ɗaya ko biyu da hankalinta ke gushewa gaba ɗaya, yawanci cikin makonni biyun farko. An taɓa kawo mana wata yarinya, haihuwar fari, 'yan kwanaki bayan suna. Mijin ɗan kasuwa ne mai tafiye-tafiye, suna haya a unguwar da ba ta da kowa. Tana zaune bakin gado tana ninke kayan jariri, ta warware, ta sake ninkewa, bakinta bai tsaya ba, ido jajir a bushe. Wai an musanya mata ɗa. Maƙwabciyar da ta rako ta ta ce tun ranar suna ba ta ga fitilar ɗakinta a kashe ba. Kafin su zo an yi hayaƙi, an yi rubutu, an ce iska ce ta shafe ta. Ni ban hana addu'a ba, ka san gidan da muka fito. Amma yarinyar nan da likita ya ba ta magani ta samu barci, aka kira uwarta daga ƙauye ta karɓi jaririn, cikin makonni ta dawo hayyacinta tana tambayar me ya kawo ta asibiti.

Ba rashin barci kaɗai ke kawo wannan ba, akwai gado, akwai juyin da jiki ke yi bayan haihuwa. Amma shi ne yakan tunzura shi, shi ne kuma alamar farko. Don haka riƙe wannan da kyau, ko tana Zariya ko tana Abuja: idan jariri na barci, ko wani ya riƙe shi, an ba ta wuri ta kwanta amma ido ya ƙi rufuwa dare biyu a jere, ko ta fara surutai, ko zargin mutane, ko ta ce tana jin muryoyi, ba a jira gobe. Asibiti. Haka in ƙafa ta kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai an tara mata matasai, ko ciwon kai mai tsanani da ganin dishi-dishi.

Yanzu kai. Ka ce za ka taimaka, na kuma yarda da niyyarka, Allah ya yi maka albarka. Gwamnatin Tarayya ta amince wa ma'aikatanta maza hutun kwana 14 tun 2021, ka karɓi naka kada ka ji kunya. To bayan kwana 14 fa? Za ka kwana jijjiga yaro, da asuba ka ɗauki mota ka shiga cunkoso. Masu bincike a Ostireliya sun gwada sun ga wanda ya yi awa 17 ido biyu, hannunsa da hankalinsa sukan yi nauyi kamar na wanda ya ɗan sha giya. Mota mai gudun kilomita 100 a awa, in ka yi gyangyaɗin daƙiƙa 4 ta ci sama da mita 100 ba direba. Hausawa da suka ce ba a cin bashin barci sun san abin da suke faɗa. Wannan ma ya shafi zuwanka duba su: kada ka tashi daga ofis ranar Juma'a a gajiye ka kama hanyar Kaduna da dare don ɗokin ɗa. Kwana ka taso da safe. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana Abdullahi ɗan Amru kwana sallah kullum, ya ce masa jikinsa na da hakki a kansa, idonsa ma na da hakki. In ibada ba ta zama hujjar hana ido barci ba, jarumtar sabon uba ba za ta zama ba.

Kada kuma ka ɗauka duk wadda ta je gida ta huta. Jegon yanzu ya lalace ta wani gefen. 'Yan barka tun hantsi har bayan isha'i, kowa sai an tashi mai jego ta gaishe shi, a ɗauki hoto. Suna ya koma biki, da anko da kiɗa, yarinyar da ta haihu kwana bakwai tana canza kaya sau uku. In mutane sun watse ta ɗauki waya tana amsa barka har tsakar dare. A da tsohuwa kan tsaya bakin ƙofa ta ce tana barci, ku ga jariri ku tafi, ba mai jin haushi. Irin wannan tsohuwar nake so ka tabbatar akwai a gidan surukanka. In babu, tafiyar ba ta da amfani, gara a ɗauko muku wata ta zo Abujan ta zauna da ku. Ni a wurina duk ɗaya ne, hannu na biyu da dare shi ne magana.

Ga nawa ra'ayin: bar ta ta tafi. Uwarta na da ƙarfinta, gidan akwai mutane, Zariya kuma ba ta rasa asibiti ba. Ta tafi da katin awonta ta ci gaba da awo a can, ta haihu a asibiti, a riƙa auna jininta bayan haihuwa. Wanka da ruwa mai ɗumi wanda hannu zai iya shiga, ba mai salɓe fata ba. Kunun gyaɗa da na tsamiya sun isa, ga nama ga romo. Abu ɗaya da nake tsoro ga tsofaffinmu, garin tausayin uwa sai su ɗura wa jariri ruwa ko madarar gwangwani da dare don ya yi shiru. Wannan a'a. Nono zalla har wata 6, shan dare ma yana ƙara kawo ruwan nonon. A kawo shi ya sha, a ɗauke shi, sauran aikin na kaka ne. A kwantar da shi rigingine cikin gidan sauro, kada uwa ta yi gyangyaɗi da shi a hannu kan kujera.

Na san ba za ka iya duban idon surukarka ka ce ta rage kanwa ba, kuma bai kamata ka yi ba. Wannan maganar manya ce. Turo mini lambarta, ni zan kira ta mu yi ta a tsakaninmu, in Allah ya kai mu suna kuma zan je in kwana biyu in ga tsarin ɗakin da idona.

Ka gaishe mini da ita, ka ce ta riƙa kwanciya bayan azahar tun yanzu. In mace ce aka haifa ka gaya wa kishiyar tawa ina nan tafe, in namiji ne ya tanadi kuɗin cefane.

Goggonka.