Shin kwamfuta za ta iya zaɓa mini maganin da ya dace da jikina?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ina jin ana cewa ƙirƙirarriyar basira, wato AI, za ta riƙa duba ƙwayoyin halittar mutum ta zaɓa masa maganin da ya dace da jikinsa shi kaɗai. In haka ne, me ya rage wa likita?

Amsa: Barka kadai, Malam. Daidaita magani da jikin mai shi ya girmi AI. Ɗauki kodin: sai hanta ta mayar da shi mofin kafin ya kashe zafi, kuma wani sinadari mai suna CYP2D6 ne ke wannan aikin. Wani ya gaji sinadarin mai rauni daga iyayensa, ya sha kamar bai sha ba. Wani kuma nasa na gaggawa ne, har adadin da aka saba bayarwa ya iya danne masa numfashi. Haka maganin trastuzumab, da Amurka ta amince da shi a 1998: masu sankarar mama da ke ɗauke da alamar HER2, wani sinadari da ke jikin ƙwayoyin sankarar, yake yi wa aiki, kusan kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na masu cutar ke nan.

Yawan bayanai ne ya jawo kwamfuta cikin lamarin. An kammala karanta ƙwayoyin halittar ɗan Adam a 2003, haruffa kusan biliyan 3. Haɗa da hotunan asibiti, gwajin jini da tarihin jinya na shekaru. Babu likitan da kansa zai ɗauki wannan, ita kuwa manhaja ba ta gajiya. A 2018 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da manhajar IDx-DR, wadda ke gano illar ciwon suga a hoton ido ba sai ƙwararre ya duba hoton ba. A irin wannan aiki guda mai iyaka, ta yi rawar gani.

Sai dai abin da aka rubuta a fayil shi kaɗai ta sani. A shekarun 1990 a Pittsburgh, an horar da wata manhaja ta yi hasashen waɗanda nimoniya, wato ciwon huhu, za ta iya kashewa. Sai ta yanke cewa masu asma sun fi sauran tsira. A lissafi ba ta yi ƙarya ba, amma dalilin shi ne likitoci sun san haɗarin da suke ciki, suna kai su sashen kulawa ta musamman tun da wuri. Da an bi ta, da an sallami waɗanda suka fi kowa buƙatar gado. Likita kuwa da jin wannan hukunci zai san da walakin.

Abin da ya fi damuna shi ne jikin waɗanda aka koya mata. A ƙididdigar 2019, wajen kashi 80 cikin ɗari na mutanen da aka yi manyan binciken ƙwayoyin halitta a kansu 'yan asalin Turai ne, alhali mutanen Afirka sun fi kowa bambancin ƙwayoyin halitta a tsakaninsu. A 2019 kuma mujallar Science ta wallafa binciken wata manhaja da asibitocin Amurka ke amfani da ita, wadda ke auna tsananin ciwo da kuɗin da aka kashe wa majinyaci. Da yake an saba kashe wa baƙaƙen fata kaɗan, sai ta ɗauke su masu sauƙin ciwo.

Ga kuma abin da ba ya shiga fayil ko kaɗan: majinyacin da ya daina shan magani ya ɓoye, ko dattijon da ya gwammace ya yi sauran kwanakinsa cikin iyalinsa da a ci gaba da yi masa jinya mai wahala. Sai an zauna da mutum ake jin wannan, kuma likita ne ke sa hannu, shi za a tuhuma in an samu matsala.

In an ce maka manhaja ce ta ba da shawarar maganinka, tambayi likitan ko an gwada ta a kan mutane irinka, da dalilin da ya sa shi ma ya gamsu da shawarar.