Me Ya Sa Ba Na Jin Ƙamshin Turaren Ɗakina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina sayen turaren wuta mai tsada, amma da na turara ɗaki, bayan ɗan lokaci sai in daina jin ƙamshinsa, alhali duk baƙuwar da ta shigo sai ta yaba. Hancina ne ya samu matsala, ko turaren ne na jabu? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Hancinki lafiya lau yake, kuma yabon baƙi ya isa shaida cewa mai turaren bai cuce ki ba. Masana halayyar ɗan Adam suna kiran wannan abu sabawar gaɓɓan ji.

A can saman kogon hanci akwai ƙwayoyin jijiya masu kama sinadaran da ke tashi tare da hayaƙin kasko, su mayar da su saƙon lantarki zuwa ƙwaƙwalwa. Wasu Amurkawa biyu, Linda Buck da Richard Axel, su ne suka bayyana asalin abubuwan da ke kama ƙamshi a jikin waɗannan ƙwayoyi a 1991, aikin da ya kai su ga kyautar Nobel a 2004, kuma ɗan Adam yana da nau'insu kusan 400. To, idan ƙamshi ɗaya ya daɗe yana shiga ba tare da ya sauya ba, sai ƙwayoyin su sassauta aika saƙo, ƙwaƙwalwa kuma ta kawar da kai, domin abin da ya fi damunta shi ne sabon abu, kamar ƙaurin tuwo a murhu ko warin wayar da ta fara ƙonewa. Haka kunne yake mance ƙarar fanka, ba ya tuna da ita sai an ɗauke wuta ɗakin ya yi tsit.

Kuskuren da mata da yawa ke yi a nan shi ne ƙara zuba turare a kan garwashi. Tun a ƙarni na 19 wani masani Bajamushe, Ernst Weber, ya nuna cewa ƙarin da mutum zai iya lura da shi ya danganta da yawan abin da ke nan tun farko. Saboda haka a ɗakin da ya riga ya cika da ƙamshi, ƙarin cokali guda asarar kuɗi ce kawai, ga hayaƙi da ke cutar da ƙirjin yara. Ki fita tsakar gida na 'yan mintuna, idan kin dawo za ki ji abin da baƙuwarki take ji.

Wannan sabawa tana da hatsari ga masu girki da gas, domin warin da ake saka masa da gangan shi ma hanci yana iya sabawa da shi. Da zarar kin ji shi, ki rufe tukunyar gas ɗin, ki buɗe tagogi, kada ki jira ki ga ko zai tafi. Idan kuwa kin wayi gari ba ki jin ƙamshin komai, har da albasa da sabulu, kuma mura ta wuce abin bai dawo ba, wannan kam sai a ga likita.