Filin Tambaya da Amsa: Suwic ɗin furesha zai iya riƙe sanyi ba tare da tamostat ba?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Ni ɗan koyo ne a gyaran firiji, an kira mu wani ɗakin sanyi mai aiki da gas R134a, na duba ko'ina ban ga tamostat ba, wato na'urar da ke jin sanyi tana kunna inji da kashewa, sai wani ɗan akwati da siririn bututu ya shiga layin sakshan, bututun da ke mayar da gas zuwa kwamfureso, oga na ya ce wai shi ke kunna kwamfureso yana kashewa. To ta ya abin da bai taɓa iskar ɗakin ba zai san sanyi ya kai? Kuma ya ake saita shi? Na gode.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, ogan ka ya faɗa maka gaskiya, kuma na ji daɗi da ka tsaya ka tambaya maimakon ka kama sukurun ka fara murɗawa. Wannan akwatin suwic ne na ƙaramin furesha, irin su Danfoss KP1 ko na Ranco, kuma shi dai bai san zafi ko sanyi ba sam, furesha, wato matsin gas, kawai yake ji. Abin da ya sa dabarar take ci shi ne muddin akwai ruwan gas da tururinsa tare a cikin kwail, wato bututun cikin ɗakin da ke jan zafi, to kowane furesha yana da digirinsa da ba ya canzawa. R134a a digiri 0 yana ba da kusan psi 28 a geji, wato ma'aunin furesha, a digiri 4 kusan 34, in ya sauka zuwa 10 ƙasa da sifili sai ka ga 14 da ɗan wani abu. Wato gejin da ke hannunka ma'aunin sanyi ne in ka iya karanta shi.

Saiti biyu ne, inda zai tashi da inda zai tsaya, kuma kowanne da lissafinsa daban, nan ne mutane da yawa ke rikicewa. Lokacin da kwamfureso ke kashe fanka na ci gaba da hura iskar ɗakin kan kwail, a hankali kwail ɗin zai ɗumama har ya zo daidai da ɗakin, furesha ma na hawa tare da shi. Saboda haka wurin tashi kai tsaye daga zafin ɗakin ake ɗaukarsa: in ba ka so ɗakin ya wuce digiri 4, sa shi ya tashi a psi 34. Wani alherin da ke ciki, tunda 34 ya haura 28, wato fureshan digiri 0, dole ƙanƙarar da ta kama kwail ta narke kafin injin ya sake tashi, ka samu difros kyauta a kowane zagaye. Ni wannan ne ya sa har yanzu nake ganin ƙimar tsarin a ɗakin sanyi na matsakaicin sanyi.

Wurin tsayawa kuma fa ba haka ba ne, don lokacin injin na aiki kwail ya fi iskar ɗakin sanyi, in ba haka ba ai ba zai ja zafi ba. A ɗakin sanyi tazarar kan kai wajen digiri 6, a ƙananan firiji na kanti ta fi haka. To ka ce kana so ya tsaya idan ɗakin ya kai digiri 2, cire 6, kwail na kan 4 ƙasa da sifili kenan, a jadawalin R134a kusan psi 22 ne, sai ka rage kamar 2 saboda abin da ke ɓacewa a doguwar hanya tsakanin kwail da inda suwic ɗin yake, ya zama 20. A KP1 ba ka rubuta 20 ɗin kai tsaye, sukuru ɗaya na wurin tashi ne ɗayan na tazara, 34 a cire 20 saura 14, ita za ka sa.

Amma don Allah kar ka yarda da lambobin da ke jikin suwic ɗin, kusan-kusan ne kawai. Ɗaura geji, sa ma'aunin zafi a tsakiyar ɗakin nesa da ƙofa, ka zauna ka ga ya tashi ya tsaya da idonka kana gyarawa kaɗan-kaɗan. Kuma ka karanta farantin injin ka tabbatar da gas ɗin, don digiri 4 ɗin nan a R22 wajen psi 67 ne, a R404A ya haura 80, in ka ɗauki lambar wani ka sa wa wani kayan mutane ne za su lalace.

TAMBAYA: Malam na sa irin wannan suwic a firiji mai kafilari don tamostat ɗinsa ya mutu, yanzu minti-minti yake tashi yana mutuwa, ko suwic ɗin ne jabu?

AMSA: Suwic ɗin lafiyarsa ƙalau maigida, wurin ne ba nasa ba. Kafilari, siririn bututun da ke shigar da gas cikin kwail, ba ya rufewa, da injin ya tsaya gas ɗin ɓangaren babban furesha zai kwararo ta cikinsa har ɓangarorin biyu su daidaita, suwic ya ga furesha ya hau ya ɗauka ɗaki ya yi zafi ya tada injin alhali ko minti biyu ba a yi ba. Tsarin na son bawul ɗin faɗaɗawa, TXV, wanda ke matsewa idan an tsaya. Cire shi ka sayi tamostat ka sa tun kafin kwamfureso ya ƙone, yawan tashi ɗin nan shi ke cin wayar ciki da rile.

Ko a injin mai TXV ɗin ma in ka ga wannan tashi-mutu kar ka fara da zargin saiti. Gas ya ragu saboda yoyo, furesha zai faɗi da wuri injin ya tsaya ɗaki kuma da zafi. Fanka ta mutu ko ƙanƙara ta toshe kwail, haka. Bawul ɗin cikin kwamfureso na yoyo, furesha ya dawo baya da sauri ya tada shi. Abin da ke ba ni takaici shi ne mai gyara ya zo ya sauke wurin tsayawa har ƙasa da psi sifili don injin ya daina kashewa, ya rufe ciwon da hannu, yoyon na nan kuma yanzu injin na zuƙar iska da danshi ta wurin. Sannan idan injin na waje inda sanyin wurin ya fi na cikin ɗakin, gas kan gudu can ya kwanta, furesha ya ƙi hawa, injin ya ƙi tashi. A irin wannan, da kuma firiza da ke buƙatar hita ta narkar da ƙanƙara, da duk inda ake ajiye magani, shawarata a sa tamostat da bawul ɗin solonoyid, mai buɗewa da rufewa da lantarki, a layin ruwan gas, tamostat ya rufe bawul, kwamfureso ya kwashe gas ɗin kwail, sannan suwic ɗin furesha ya kashe shi.